Jadawalin da Babu Taurari

Malama Zulaikha Madu ba ta taɓa ɗaga wa Dakta Zaharadeen murya ba, ko a ranar da ta ga takardar binciken awakin a kan injin buga takardu babu sunanta. Ta karanta sunayen da ke saman shafin, nasa da na Lauwali da na wani abokinsa na Kano wanda bai taɓa taka Gwiwa ba, ta mayar da takardar yadda ta same ta, ta wuce ofishinsa ta gaishe shi kamar kullum. Har ya tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi.

Wata ƙaramar cibiyar binciken noma da kiwo suke aiki, a gefen Kazaure, duwatsu a bayanta. Zaharadeen ne shugaban sashen dabbobi, Zulaikha kuma ita kaɗai ce ta karanci ƙididdiga a duk cibiyar. Shi ya ƙirƙiro wani abincin awaki, haɗin tunkuza da dusar gero da 'ya'yan gawo da kanwa, wanda mutanen karkara suka sa wa suna haɗin Dakta, kuma sunan yana yi masa daɗi ƙwarai. Don a gwada shi aka zaɓi gidaje a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wasu aka ba su haɗin, wasu aka bar su da kiwonsu na gado. Duk wata sai an je an rataya sikeli a reshen bishiya, a sa akuya a buhu a auna ta. Zulaikha ce ke zuwa, ita da Lauwali, wani ƙaramin jami'in bincike mai fara'a da yawan ba da haƙuri.

A damina ta biyu da fara binciken ta samu ciki, bayan shekarun da ita da mijinta suka yi suna jira. Likita ya ce ta rage hawa babur. Ta je ta roƙi Dakta a ɗage awon watan Agusta, ko a ba su motar cibiya. Ya ce motar zai tafi da ita Dutse taro, awo kuma ba ya ɗaguwa, domin in aka tsallake wata guda duk binciken ya lalace. Ita ta fi kowa sanin ba haka ba ne, irin lissafin da take niyyar yi yana jure giɓin wata ɗaya ba tare da wata matsala ba. Ta faɗa masa. Ya ce in ta gaji ta faɗa, akwai masu neman aikin. Ta hau babur. A wani kwazazzabo tsakanin Roni da Gwiwa taya ta zame a taɓo, ta faɗi da gefen cikinta, kafin a kai ta asibiti a Kazaure abin ya riga ya faru.

Tana kwance a gida yana aiko Lauwali da gaisuwa, da kuma tambayar inda ta ajiye sakamakon. Akwai wani jadawali na gwaji da ta taɓa fitarwa tun farko don kawai a ga inda aka dosa, ta rubuta a kansa cewa ba na bugawa ba ne. A cikinsa haɗin Dakta yana da taurari uku a gefen lambarsa, alamar da masu bincike ke sawa in sakamako ya yi ƙarfi. Shi ya ɗauka, ya goge gargaɗin, ya gina takarda a kansa ya aika wa wata mujalla ta ƙasar waje. Da wani ya tambaye shi a ɗakin shan shayi me ya sa babu sunan Zulaikha, sai ya ce ai ba ta kammala aikin ba, kuma dama buga jadawali take yi musu, ba a sa sunan mai buga rubutu a takardar ilimi. Maganar ta iso kunnenta kafin azahar.

Ya Kura, yayar mahaifinta wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ita kaɗai ta ga abin da ke idonta. Ta zaunar da ita a tsakar gida ta yi mata faɗa cikin Barbarci, yaren da ba ta juyawa gare shi sai magana ta yi nauyi. Ta ce ta bar shi da Allah, ciki rabo ne, suna a takarda kuma ba ya shiga kabari da kowa. Zulaikha ta ce to. Tana faɗar to ɗin ta san ba za ta bari ba. Ba ta san me za ta yi masa ba, amma ta daina gaggawa. Kullum in ya wuce ta tagar ofishinta da babbar rigarsa sai ta bi shi da kallo har ya shige.

Bayan sallar layya mujallar ta dawo da takardar. Masu tantancewa sun ce batun yana da amfani, amma lissafin bai yi ba. Awakin gida ɗaya kiwonsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, kuma akuya guda an auna ta sau da yawa, don haka ba za a ƙirga kowane awo a matsayin shaida mai zaman kanta ba. Suka ce a sake da lissafi mai haɗaɗɗen tasiri, wanda ke ware abin da abinci ya jawo daga abin da bambancin gida da gida da na ƙauye da ƙauye ya jawo, a kuma tsara jadawalin bisa ƙa'idar mujallar. Dakta ya miƙa wa Lauwali. Lauwali ya yi ta fama da manhajar lissafi mai suna R, tana ta zubo masa jan rubutu, har ya rame. Daga ƙarshe ya faɗa wa Dakta gaskiya, ya ce wannan sai Malama.

Dakta bai zo da kansa ba. Ya aika a kira ta, ya yi ta zagaye yana yabon ƙoƙarinta, ya ce in ta gyara musu za a gode mata a ƙarshen takarda, a wurin da ake gode wa direbobi da masu unguwanni. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Ai aikinmu ne."

A safiyar da ta zauna a kan aikin ba ta da wani shiri, sai dai ta yi shi daidai. Ta sa abinci da jinsi da shekarun akuya a matsayin abubuwan da ake gwadawa, ta jera awaki a ƙarƙashin gidajensu, gidaje a ƙarƙashin ƙauyukansu. Kwamfutar ta ɗan yi nishi, sakamako ya fito. Ta karanta, ta sake karantawa, ta jingina da kujera. Taurarin nan uku babu ko ɗaya. Ƙarin nauyin da ake jingina wa haɗin ya ragu ya zama ɗan kaɗan, iyakarsa ta ƙasa kuma ta faɗa ƙasa da sifiri, ma'ana ba za a iya cewa haɗin ya ƙara wa akuya komai ba. Kusan duk bambancin na ƙauyuka ne. Dalilin ma ta san shi, domin tana wurin aka yi: Dakta ya raba haɗinsa a ƙauyukan bakin fadama na Roni da Kazaure inda motarsa ke iya shiga, ya bar na tudun Babura masu yashi a matsayin na kwatance. Ciyawar fadama ce ta yi wa awakin ƙiba.

Abin da ya fara zuwa mata ba murna ba ce. Takaici ne, don a kan wannan banzan ta hau babur. Ta tashi ta wanke fuska a famfon bayan ofis. Tana dawowa ta ga sanarwar taron shekara na cibiyar manne a allo, wanda za a yi a ƙarshen wata. Kujerar darakta za ta zama babu kowa, Dakta yana nema, kuma kowa ya san a wannan taron zai baje kolinsa gaban kwamitin zaɓe. Ya gayyaci dagatai da shugabannin makiyaya da wata ƙungiyar agaji mai niyyar raba haɗin a ƙananan hukumomi huɗu. Babbar baƙuwa ita ce Farfesa Halimatussa'adiyya, masaniyar ƙididdiga daga wata jami'a a Kano, kuma tana cikin kwamitin. Zulaikha ta daɗe a tsaye gaban allon. Sannan ta koma kujerarta.

Shekarun da ta yi a ƙarƙashinsa sun koya mata abu guda: Dakta ba ya karanta jadawali, taurari yake nema. In ya gan su ya yi murmushi, in bai gani ba ya tambaya. Ta buɗe ƙa'idojin mujallar, ta samu abin da take fata. Ba su yarda da taurari ba, sai dai a rubuta ƙiyasi da ma'aunin kuskurensa da iyakokinsa biyu a cikin baka, lamba biyu bayan ɗigo. Ta bi ƙa'idar kamar mai bin karatun allo. Ta sa manhajar ta fitar da jadawalin kai tsaye don kada a ce hannunta ya taɓa lamba. A sama ta jera abubuwan da aka gwada, haɗin a layi na biyu. A ƙasa ta ware wuri ga bambancin ƙauye da na gida da na akuya, da adadin kowanne. Ta cire layukan tsaye, ta bar na kwance guda uku, ta daidaita ɗigo a ƙarƙashin ɗigo har jadawalin ya yi kyau kamar ɗinkin hular zanna. Ba ta canja ko lamba ɗaya ba. A bayanin ƙasa akwai wurin da za ta iya rubuta jimla guda da kowa zai gane, cewa ba a ga tasirin haɗin ba. Ta rubuta ta, ta dube ta, ta goge, ta maye gurbinta da sunan hanyar da aka bi aka yi ƙiyasin.

Ta zaɓi lokacin miƙawa. Ranar Alhamis ce, zai tafi ɗaurin aure cikin garin Babura, direba ya riga ya tayar da mota. Ta tare shi a baranda, ta tabbatar Lauwali da sakataren sashe suna tsaye.

Ya karɓa ya ɗaga gilashinsa. "Ina taurarin?"

"Mujallar ta hana, ranka ya daɗe. Ga ƙa'idarsu nan na haɗo." Ta nuna masa wurin da yatsa. "Amma a daure a karanta layi na biyu da kyau kafin a aika."

Ya kalli layin. Lambar farko ba ta da alamar ragi a gabanta, wannan ya ishe shi. Ƙaramin ragin da ke cikin baka bai tsaya a kansa ba. Ya ce madalla, ai ya san haɗinsa, ya miƙa wa Lauwali ya ce a cire tsohon jadawali a sa wannan, sauran rubutun a bar shi yadda yake, a aika yau. Daga cikin mota ya leƙo ya ce ta shirya masa hotunan da zai haska a taro, tunda hannunta yana da tsabta. Ta ce in sha Allahu.

Lauwali ya biyo ta ofis da takardar a hannu, yana sosa ƙeya, ya ce shi fa kamar ya ga wani abu a cikin bakan nan. Ta dube shi. Yaron bai taɓa yi mata komai ba, shi ya ɗauko ta daga taɓo ranar nan, kuma da wannan takarda yake sa ran samun gurbin digiri na uku. Amma ya ga sunansa a inda nata ya kamata ya zauna, bai ce uffan ba. Ta ce masa Dakta ya gani ya ce madalla, in yana da shakka ya kira shi. Ta san ba zai iya ba.

Ranar taro ɗakin ya cika har waje. Dagatai a gaba da rawunansu, makiyaya a baya da sandunansu jingine da bango, 'yan ƙungiyar agaji da kwamfutocinsu a cinya. Zulaikha ta zauna a gefe wurin na'urar haskawa, ita ke juya hotuna. Dakta ya yi magana mai daɗi, da Turanci da Hausa har da 'yar Fulatanci don a yi dariya. Ya nuna awaki masu sheƙi, ya ce kimiyya ta tabbatar, ba shakka ko kaɗan, cewa haɗinsa yana ƙara wa akuya nauyi fiye da duk abin da aka sani a yankin. Sannan ya ce a nuna hujja. Ta danna. Ta riga ta ƙara girman rubutun yadda na ƙarshen ɗaki ma zai iya karantawa, layi na biyu kuma ta yi masa ɗan duhu don ya fito.

Aka yi tafi. Farfesa Halimatussa'adiyya ba ta tafa ba. Ƙaramar mace ce mai furfura a gefen ɗankwali, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Da aka ba da damar tambaya ta ce a bar jadawalin a allo. Ta yaba tsarinsa, ta ce ta daɗe ba ta ga wanda aka tsara da kyau haka ba. Sai ta roƙi Dakta ya karanta wa jama'a lambobi biyun da ke cikin baka a layi na biyu. Ya karanta, har da ragin, da muryarsa mai ƙarfi.

"To Dakta, sifiri yana tsakaninsu ko ba ya tsakaninsu?"

Ya juya ya kalli allon kamar yau ya fara ganinsa. Ta ci gaba a hankali, ta koma Hausa don na baya su ji, ta ce abin da wannan jadawali ke faɗa shi ne ba a ga wani amfanin haɗin ba, ƙauyen da akuya take shi ke sa ta ƙiba ko rama. Ta tambaye shi yadda aka zaɓi ƙauyukan da aka ba haɗin. Kafin ya haɗa amsa wani dattijon makiyayi daga Babura ya ce daga baya, ba da niyyar komai ba, ai su ba a kai musu ba, an ce mota ba ta shiga yashinsu. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. 'Yan ƙungiyar agaji suka fara rufe kwamfutocinsu.

Zufa ta keto wa Dakta ta ƙarƙashin hula. Ya nuna Zulaikha ya ce mai lissafinsu ce ta tsara, wataƙila an samu kuskure wurin bugawa. Farfesa ta juyo ta tambaye ta ko haka ne. Zulaikha ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Babu kuskure, ranki ya daɗe. Daga manhaja ya fito kai tsaye, ana iya sake gudanar da shi yanzu a gaban kowa. Na kuma roƙi Dakta ya duba layin kafin a aika, akwai waɗanda suka ji. Fassarar sakamako ta masu takarda ce, ni sunana ba ya ciki."

Ta zauna. Ta daɗe tana tunanin yadda wannan lokacin zai kasance, ta zaci zuciyarta za ta yi ta bugawa. Ba ta buga ba. Ta kalli yadda yake tattara takardunsa suna zamewa, yadda dagacin da ya zo tare da shi ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ta ji wani sanyi yana sauka a ƙirjinta, ta bar shi ya sauka. Ko kaɗan ba ta ji tausayinsa ba.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Mujallar ta mayar da takardar da gajeriyar wasiƙa, cewa rubutun yana faɗar abin da jadawalinsa ya ƙaryata. Ƙungiyar agaji ta janye. Kujerar darakta aka ba wani daga Yankwashi. A kasuwar Gwiwa aka fara kiran duk maganin da ba ya aiki haɗin Dakta. Lauwali ya rasa gurbinsa na wannan shekarar, ya koma gaishe ta daga nesa, wannan kam ya ɗan dame ta, amma ba ta nemi ta gyara ba. Da labari ya kai wa Ya Kura, tsohuwar ta tambaye ta ko hannunta a wanke yake a cikin lamarin. Ta ce ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya Kura ta ce ba shi ta tambaya ba, ta juya ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta yi kwanaki ba ta sake mata fuska ba.

Sabon darakta ya kira ta ita da Dakta sulhu. Zaharadeen ya zo ya rame, ya ce in ya saɓa mata ta yafe, yana magana yana kallon taga. Bai ambaci babur ba, bai ambaci cikin ba. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kafin azumi ya nemi canjin aiki ya bar Kazaure.

Farfesa Halimatussa'adiyya ce ta ba da sunanta ga wata mujalla, aka fara aiko mata takardu tana tantancewa. Wata rana da hantsi aka turo mata ɗaya a kan kiwon tumaki a Babura, an cire sunayen marubuta kamar yadda aka saba. Tun a shafi na biyu ta gane mai ita, daga yadda yake jera kalmomin yabon kansa. Ta rufe ƙofar ofis ta bi lissafin layi layi tana neman inda zai karye. Bai karye ba. Ya samo wanda ya iya, an raba ƙauyukan da ƙuri'a, sakamakon kuma na gaske ne. Ta sake bi, haushi yana cin ta, ba ta samu komai ba.

Ta rubuta wa editan cewa aikin yana da inganci, domin ba za ta sa hannu a ƙarya ba. Sannan ta sauko kan jadawalin. Ɗigo bai zauna a ƙarƙashin ɗigo ba, wani wuri lamba biyu wani wuri uku, an manta adadin gidaje, bambancin ƙauye an cusa shi a bayanin ƙasa, ga layukan tsaye kamar shingen kara. Ta cika shafi biyu da gyara, ta nemi a sake tsara shi gaba ɗaya a dawo mata da shi ta gani kafin a buga. Ta aika, ta ɗauki jakarta, ta fita bakin titi ta tsayar da adaidaita.